Yadda ake ƙayyade yawan 'yan kallo, kuɗin tikiti da kujerun mambobi a filin ƙwallo a Legas

Idan kwamitin gasa ya zauna shirya wasan ƙarshe, ko wata ƙungiya ta 'yan Arewa a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ta karɓi hayar fili, maganar da ake fara ja-in-ja a kanta ita ce kuɗin tikiti. Wannan ya ce dubu, wancan ya ce ɗari biyar, a cinye awa guda ba a tsayar da komai ba. Alhali farashi shi ne na uku a layi. Kafin a zo kansa sai an san mutum nawa za a bari su shiga, sannan a san yadda za a raba wannan adadin. Kuma adadin nan har da ƙofofin fili ke yanke shi, ba yawan kujeru kaɗai ba.

A fara da abin da ke rubuce. Filin Teslim Balogun da ke Surulere, wanda aka buɗe a 2007, yana da mazaunin mutum dubu 24 da 'yan kai. Mobolaji Johnson Arena da ke Onikan yana ɗaukar kimanin dubu 10, na Agege kuma kimanin dubu 4. Waɗannan alƙaluman na ranar da aka gama gini ne ko gyara, kuma suna canzawa. Babban filin ƙasa na Surulere, inda Najeriya ta doke Aljeriya da ci 3-0 ta ɗauki kofin Afirka a 1980, an gina shi ne a 1972 da mazaunin mutum 55,000, aka rage shi zuwa 45,000 a 1999. Don haka abin da manajan fili ya faɗa muku a ofis ku riƙe shi a matsayin iyaka ta sama, ku kuma ku shiga ku ƙirga da idonku.

Ƙirgar ba ta da wuya, sai dai tana son haƙuri. Mutum biyu kowane ɓangare, ɗaya na ƙirga ɗaya na rubutawa, layi bayan layi. A cire kujerar da ta karye, da wadda ƙusarta ta fita tana lilo, da wadda ginshiƙi ko allon talla ko dandamalin mai ɗaukar hoto ya tare mata fili. Kujerar da ba a ganin raga daga kanta ba kujera ba ce, domin wanda aka sayar wa zai tashi ya tsaya a kan matakala, kuma matakalar ita ce hanyar fita. Inda mazaunin dakalin siminti ne babu kujeru, a auna tsawonsa da tef. Mafi ƙarancin faɗin da ake ba mutum ɗaya a ƙa'idar filayen Ingila santimita 46 ne, amma ku yi lissafi da 50. Wanda ya taɓa zama kusa da alhaji mai babbar riga ya san dalili. Dakali mai tsawon mita 20 ke nan mutum 40 ne. Sai kuma a bar kujeru biyu ko uku fanko daga sama har ƙasa tsakanin magoya bayan ƙungiyoyin biyu, inda 'yan sa-kai za su tsaya.

Mu ɗauki misali da za mu bi har ƙarshe, kuma lambobin na misali ne kawai, kowa ya sa nasa. Fili mai kujeru 4,000 a takarda. An samu 260 sun lalace, 90 ba a ganin wasa daga kansu, 150 sun tafi a rata tsakanin magoya baya. Saura 3,500.

Yanzu sai ƙofa, wadda a nan ne yawancin kwamitoci ke faɗuwa. Ko a Ingila, inda ake da ƙofar ƙarfe mai juyawa, ba a lissafa wa layi ɗaya fiye da mutum 660 a awa. Mu a nan mutum ne ke karɓar tikiti da hannu, ya duba, ya yaga, wani ya lalube aljihu ya buɗe jaka. Ku gwada da agogo kafin ranar: idan kowane mutum na cin daƙiƙa 8, layi ɗaya mutum 450 yake shigarwa a awa. Layi huɗu ke nan 1,800. Kuna da kujeru 3,500 amma ƙofofinku rabinsu kawai za su iya ɗauka a awar ƙarshe kafin a take leda, kuma a wannan awar ce kusan kowa ke zuwa. Legas ta ƙara wa abin nata gishiri. Cunkoson motoci kan riƙe mutane su iso a tare, danfo ta sauke, wata ta sauke a bayanta. Sannan wasan ƙarfe huɗu yana cin karo da la'asar, wadda a Legas takan shiga ne wajajen ƙarfe huɗun. Jama'armu za su yi sallah a masallacin da ke kusa, a sallame, ɗaruruwa su nufo ƙofa lokaci guda suna jin usur ɗin alƙalin wasa daga ciki. Mai jin an fara wasa ba ya bin layi.

Maganin abu uku ne, kuma sai an haɗa su. A ƙara layuka su kai takwas, ko da a ƙofa ɗaya ne za a raba layi biyu da shingen ƙarfe. A ware wurin alwala da shimfiɗar sallah a cikin harabar fili, bayan an wuce mai yaga tikiti, a kuma rubuta haka a jikin sanarwa don mutane su shigo da wuri. Idan filin na da fitila, ko kuma lissafin lokaci ya ba da dama, a matsar da wasan zuwa huɗu da rabi. Amma a tuna rana na faɗuwa a Legas tsakanin shida da rabi da bakwai, kuma wasan ƙarshe na iya kaiwa bugun fanareti. In duk an yi wannan layukan ba su kai ba, to adadin tikitin ya sauko zuwa abin da ƙofa za ta iya. Babu wata dabara bayan wannan.

Fita ta fi shiga haɗari. Ma'aunin da aka saba aiki da shi shi ne kowa ya bar mazauninsa ya kama hanyar fita cikin minti 8. Faɗin mita ɗaya yana fitar da mutum 82 a minti a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, 66 a kan matakala. Ƙofa mai faɗin mita 2 ke nan tana fitar da 164 a minti, 1,312 a minti takwas. Irinta uku sun ba ku 3,936, sun ishi mutum 3,500. Amma a ce mai gadi ya sa wa ɗaya kwaɗo ya tafi da makulli cin abinci, ko mai suya ya kafa tukubarsa a bakinta, ko motar wani babban baƙo ta toshe ta: kun koma 2,624. Shi ya sa kowace ƙofar fita take buƙatar mutum tsaye a kanta daga farko har ƙarshe, sakata kawai, babu kwaɗo. A Akara ta ƙasar Gana, ranar 9 ga Mayu 2001, 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, mutane suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, mutum 126 suka rasu. A filin Olembe na Yawunde a Janairun 2022 mutum 8 ne suka mutu, su kuma a ƙofar shiga. Ku zauna da shugaban 'yan sandan da za su yi aikin tun kafin ranar, ku yi maganar barkonon tsohuwa ƙarara.

Akwai wani abu da ake mantawa: fili na iya zama bai cika ba amma ɓangare ɗaya ya shaƙe. A filin Hillsborough na Ingila a 1989, inda mutum 97 suka rasa rayukansu, an buɗe wata ƙofa ne don rage matsi a waje, jama'a suka kwarara cikin ɓangarorin tsakiya da suka riga suka cika alhali na gefe da sauran wuri. Saboda haka kowane ɓangare da nasa adadin, da kalar tikitinsa, da ƙofarsa. A Legas mutane za su bi inuwa, in kuma damina ce, musamman watan Yuni da Yuli, da an fara yayyafi kowa zai nufi rumfa. Idan babu shinge da mutane a tsakanin ɓangaren rana da na rumfa, duk lissafinku ya rushe cikin minti biyu.

Mafi ƙanƙanta cikin lambobin nan uku, wato na kujeru, na shiga da na fita, shi ne adadinku. A misalinmu, bayan an ƙara layuka, 3,500 ne. A rubuta shi a takardar zaman kwamiti, shugaba da sakatare su sa hannu, domin ranar wasa za a sami mai cewa a ƙara ɗari biyu kawai.

Daga nan rabo. Ƙa'idar guda ce: duk wanda zai ɗora mazaunansa a kan kujera yana cikin 3,500 ɗin, ya biya ko bai biya ba. Sarkin Hausawa da tawagarsa, shugabannin kasuwa, ɗan siyasar da ya sayi kofi, iyalan 'yan wasa, yaran da suka buga wasan share fage, duk a ciki suke. Babban baƙo ba ya zuwa shi kaɗai. Idan katin gayyata bai faɗi mutum nawa ba, wanda aka gayyata zai zo da goma sha biyar, kuma ba yaron da ke ƙofa ne zai iya ce wa mai rawani a'a ba. A haɗa katin da tikiti masu lamba, biyar ko goma gwargwadon girman mutum, a kuma sa dattijo daga cikin kwamiti a ƙofar manyan baƙi, wanda zai iya cewa "Ranka ya daɗe, kujeru goma muka tanadar maka, sauran jama'arka ga wanda zai raka su ɓangaren can" ba tare da an ji haushi ba.

Rabon misalinmu zai iya zama haka: manyan baƙi da masu ɗaukar nauyi 200, 'yan jarida da iyalan 'yan wasa 150, ajiya 100, mambobi 800, magoya bayan abokan karawa 350, sai 1,900 na sayarwa ga kowa. Ajiyar nan kada a taɓa ta sai ranar wasa. Da ita ake sallamar wanda ya tarar kujerarsa ta karye ko aka buga lambarsa sau biyu. Kason magoya bayan abokan karawa kuwa, a gasannin Turai na ƙungiyoyi kashi 5 cikin ɗari ne mafi ƙaranci, a kofin FA na Ingila yakan kai kashi 15. Kashi 10 ya yi daidai da wasan unguwanni. In wasan ƙarshe ne a filin da ba na kowa ba, a raba daidai wa daida, a ba kowane shugaban ƙungiya nasa ya sa hannu a kan lambar farko da ta ƙarshe.

Kujerun mambobi su ne suka fi haddasa rigima, saboda mamba yana ganin kuɗin wata-wata da yake biya ya saya masa haƙƙi, kuma yana da gaskiya. Abin da ya kamata a fayyace shi ne wane haƙƙi. Katin mamba ba tikiti ba ne. Yana ba mutum damar riga kowa saye, a farashi mai rangwame, a ɓangare mai kyau, cikin wa'adi. Idan aka bari kati ya zama tikiti, ba za ku taɓa sanin mutum nawa ke zuwa ba, kuma kati ɗaya zai shigar da mutum uku ta hanyar miƙa shi ta saman katanga.

Ga yadda ake yi. Kwana goma kafin wasa ma'aji ya fitar da sunayen waɗanda ba a binsu bashi, a liƙa a ofis a kuma tura a zauren WhatsApp na ƙungiya, a ba da kwana biyu don ƙorafi. Sannan a buɗe sayarwa ga mambobi kaɗai na kwana biyar. Kowa ya zo da katinsa, a rubuta lambar katin a bayan tikiti, a rubuta lambar tikitin a rajista a gaban sunansa. Saura kwana biyu wasa a rufe, duk kujerar da ba a karɓa ba ta koma kasuwa. Wannan wa'adin shi ne ƙashin bayan tsarin, kuma shi ake fara karyawa: wani zai kira daga Kano ya ce a ajiye masa yana hanya. A yarda, amma sai ya turo kuɗin kafin wa'adi.

Idan mambobi sun fi kujeru yawa, a ce 1,100 ne a kan 800, kada a bar wa shugaba ya zaɓa, ko da adali ne, don ba za a yarda ba. A ware kaso, misali 500, ga waɗanda suka fi daɗewa suna biya ba fashi da waɗanda suka fi halartar wasannin baya, wanda rajistar tikiti za ta nuna. Ragowar 300 a jefa ƙuri'a a bainar jama'a, a naɗe lambobin kati a zuba a kwali, yaro ya ɗebo. Wanda bai samu ba a sa shi gaba a wasa na gaba. Masu son zama tare, kamar 'yan layi ɗaya a kasuwa, su shiga ƙuri'ar da takarda ɗaya, kada su wuce mutum huɗu.

Wajen zaunarwa, dattawa da masu ciwon ƙafa a layukan ƙasa kusa da hanya, masu keken guragu a fili mai shimfiɗa tare da kujerar mai rakiya. A ware wa mata da yara ɓangare mai ƙofarsa, kusa da banɗaki, mace ce kuma za ta yi binciken jaka a can. Masu ganga da kakaki a kai su ƙarshen ɓangare ko bayan raga. Su tsaye suke kallo, duk wanda aka sa a bayansu ya yi asarar kuɗinsa. In lambobin kujeru sun goge, a sayi fenti da buroshi a rubuta harafin layi da lamba kwana biyu kafin wasa, ba da safiyar ranar ba, don kada fararen kaya su tashi da lamba a baya. In aikin ya yi yawa, a bar lambar kujera a tsaya a kan ɓangare kawai, amma kada a buga lamba a tikiti alhali babu ita a kujera.

Sai yanzu farashi. A tara duk kuɗin da za a kashe: hayar fili, alawus ɗin jami'an tsaro, alƙalan wasa, motar asibiti, man janareto, lasifika, buga tikiti, shinge, ruwa, shara bayan wasa. A ce ya kama naira miliyan 4, masu ɗaukar nauyi sun ba da miliyan ɗaya da rabi a hannu. Alkawari ba ya shiga lissafi. Saura miliyan biyu da rabi daga ƙofa. Kujerun da za su kawo kuɗi 3,050 ne. Kada a raba kuɗin a kansu duka, a ɗauka kashi 60 ne za su sayu, wato 1,830, wanda ya sa matsakaicin tikiti ya kama wajen naira 1,400. Daga nan sai a karkasa: kujeru 500 na rumfa a kan 3,000, kujeru 1,750 na ɓangaren rana har da na magoya bayan abokan karawa a kan 1,000, mambobi 800 a rumfa a kan 1,000. In fili ya cika an sami 4,050,000. In kashi 60 ne, 2,430,000, an gaza da dubu 70. Wannan giɓin ƙarami ne, gara a rage shi daga kashe-kashe da a ɗora wa ɓangaren rana, domin masu cika shi su ne 'yan dako da masu tura baro da yaran shago, kuma kowannensu ya riga ya biya kuɗin mota zuwa da komawa.

Farashi ya zama na ɗari biyar-biyar ko dubu-dubu. Tikitin 700 yana nufin neman canji a kan kowane mutum, layi ya tsaya. Wanda ya saya kafin ranar ya sami sauƙi a kan na ranar wasa, don a rage taro a bakin fili. Teburin sayarwa kuma a kafa shi nesa da ƙofa, aƙalla mita hamsin, yadda layin masu saye ba zai gauraya da na masu shiga ba. Tiransifa da na'urar POS a teburin kawai, ba a ƙofa ba. Sabis kan ɗauke inda mutane suka taru, ga kuma masu nuna alat na bogi. Kada a miƙa tikiti sai kuɗin ya bayyana a wayar ma'aji. Kada a sayar wa mutum ɗaya fiye da huɗu ko biyar, in ba haka ba 'yan baranda za su kwashe na dubu su sayar dubu biyu a bakin titi. Tikitin ya kasance mai lamba a jere, mai ɓari biyu, da hatimi a bayansa wanda ba a buga shi sai daren da za a fara sayarwa, kuma a karɓo shi daga maɗaba'a a ƙirga a gaban mutum biyu.

Idan wani mai hali ya ce ya saye ƙofa kowa ya shiga kyauta, a gode masa, amma a raba tikitin kamar yadda aka tsara, adadin bai canza ba. Haka al'adar nan ta wangale ƙofa bayan hutun rabin lokaci: mutanen da ke jira a waje sun san da ita, shi ya sa ba sa saye, kuma shigarsu a guje ce. A sanar tun farko cewa ba za a buɗe ba, a kuma cika.

Ranar wasa ana riƙe lambobi uku daban: tikitin da aka fitar, mutanen da suka wuce ƙofa, da waɗanda ke zaune. Na farko yana littafin ma'aji. Na biyu daga ɓarin tikitin da aka yaga ne, kowane layi da jakarsa mai ɗauri, tare da mutum ɗaya riƙe da ƙaramar na'urar ƙirge ta hannu wanda ba ruwansa da kuɗi. Duk minti goma sha biyar kowace ƙofa ta faɗa wa mutum ɗaya lambarta, shi ne ke da ikon cewa a rufe ɓangare kaza idan ya kai kashi 95. Na uku kuwa, minti ashirin da fara wasa a ɗauki hoton kowane ɓangare daga ɗaya gefen fili, daga baya a ƙirga kujerun da babu kowa a cire.

Bambancin lambobin ne ke nuna inda ɓaraka take. Idan na'ura ta fi ɓarin tikiti yawa, ana shigar da mutane da kuɗin hannu a wannan layin. Idan ɓari ya fi tikitin da aka fitar, akwai jabu, a duba lambobin da suka maimaitu. Idan ɓarin ya yi kaɗan amma ɓangare ya cika, ko dai an haura katanga, ko mai ƙofa na karɓar tikiti bai yaga ba yana mayar da shi waje a sake sayarwa. Maganin wannan shi ne a riƙa sauya wa masu ƙofa layi ba tare da sun sani tun farko ba. Ƙirgar kuɗi da ɓari a yi ta a daren, a ɗaki ɗaya, gaban wakilan ƙungiyoyin biyu idan za a raba kuɗin ƙofa. Adadin da za a faɗa wa 'yan jarida da masu ɗaukar nauyi shi ne na waɗanda suka wuce ƙofa, kuma da shi za a yi kasafin wasa na gaba maimakon kashi 60 ɗin da aka yi hasashe.